Wayar Gwajin Layi da Maɓallinta

Wayar gwajin layi tarho ce ta hannu da ma'aikaci ke ratayawa a ƙugu in zai hau falwaya. Igiyarta na da baki biyu masu haƙora irin na kada, da su ake cafke silin jan ƙarfe biyu na layin gida. Layin da ba a magana a kansa na ɗauke da wuta wajen bolt 48, idan kira ya shigo takan kai 90. Shi ya sa ba a fere waya da haƙori.

Abin lura shi ne maɓallin da ke gefenta. In yana kan sauraro, ma'aikaci zai ji ko layin na ƙara, masu hira ba su san da shi ba. In yana kan magana, ya zama na uku a hirar. Tsakanin biyun bai wuce motsin ɗan yatsa ba.

Wani ɗan koyo ya tabbatar da haka a Kano, kafin salula ta game gari. Ya hau tsani ya cafki layi, sai ya tarar da Alhazai biyu suna cinikin masara. Mai sayarwa ya rantse cewa a haka ma faɗuwa zai yi. Ɗan koyo ya yi tsaki ya ce, "Ƙarya kake, Alhaji."

Maɓallin yana kan magana.

Layi ya yi tsit. Ba ƙara, ba kaɗawa, har numfashin dattawan ana ji, wato layin lafiyarsa lau. Ɗan koyo ya sandare, hannu ɗaya a falwaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Cire bakin wayar aikin daƙiƙa ɗaya ne, amma dabarar ba ta zo masa ba. Can mai sayarwa ya ce, "Alhaji, ni ka ƙaryata?" Mai saye ya shiga rantsuwa, shi ma ba a yarda da tasa ba.

A gindin falwayar akwai mai rake da ke ba da shawara tun kafa tsani. Da ya ga yaro ya ƙame, sai ya ɗaga murya: "Samari, in wuta ce ta kama ka, cire takalmi!" Ɗan koyo ya girgiza kai, ya nuna masa wayar. "To yi musu sallama mana, ai ba a shiga maganar manya haka!"

Alhazan sun ji wannan ma. Mai saye ya nemi ragi, aka yi masa.