Allah Ya Saka wa Masu Kare Mu daga Intanet

Yaran Koriya ta Kudu abin tausayi ne. Tun ba a yaye su ba bidiyo ke buɗe musu kafin ƙiftawar ido, babu mai koya musu haƙuri. Mu kuwa Allah ya haɗa mu da masoya, na waje da na gida, da suka tsaya tsayin daka kada wannan fitina ta iso mana da gaggawa. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum kusan biliyan 2.6 ba sa hawa intanet, a Afirka kuma masu hawan ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. Aiki aka yi tuƙuru kafin a kai ga wannan nasara, kuma yaba kyauta tukwici.

Gwanaye na farko su ne masu shimfiɗa wayoyin ƙarƙashin teku. Da wayar SAT-3 ta fara aiki a 2002, sai aka damƙa ƙofarta ta Legas a hannun kamfanin NITEL shi kaɗai, ya sa farashin da ya ga dama, ya tsare talaka daga sharrin araha har zuwa 2010 da MainOne da Glo-1 suka zo suka ɓata tsari. Dubi kuma inda wayoyin suka dosa: wannan Fotugal, waccan Ingila, kamar dai layin dogon da Bature ya ja daga Kano zuwa bakin teku don gyaɗa ta tafi. Albarkar wannan hikima, saƙon da ɗan Kano ya tura wa ɗan'uwansa a Maraɗi sau da yawa sai ya leƙa Turai ya gaida masu gida kafin ya juyo. Kai an hana ka biza, gaisuwarka ta je Landan ta dawo, ka kuma biya mata kuɗin mota. Ina gata ya wuce wannan? A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddibuwa, sai ga ƙasashen Afirka ta Yamma sun samu hutun da ba su roƙa ba, har da bankuna.

Gwamnoninmu ma ba a bar su a baya ba. An amince a Najeriya cewa kamfanin da zai binne wayar intanet ya biya naira 145 a kan kowace mita. Jihohi da dama suka ga wannan raini ne ga ƙasar kakanninsu, suka riƙa karɓar dubbai. Kamfani ya yi lissafi, ya ga kai waya ƙauye asara ce, ya tsaya a birni, ƙauye ya tsira da tarbiyyarsa. Kaduna ce ta nemi kunyata 'yan'uwa a 2020 da ta yafe kuɗin baki ɗaya, amma alhamdu lillahi ba kowa ya yi koyi da ita ba. Inda wayar ta samu shiga kuwa, akwai ɗan kwangilar titi da katafilarsa, ba ya barin ta kwana biyu lafiya.

Sai babbar garkuwa, wato duhu. Mutum kusan miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki, wayar da ba caji kuwa ba ta lalata kowa. A nan dole a cire wa Faransa hula. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, ya taimaka wajen haskaka Faris, Nijar kuma aka bar mata taurari, inda mai wuta a gida bai wuce mutum ɗaya cikin biyar ba. Kwango ma haka: ita ke fitar da kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya, wanda ke cikin batirin wayoyi, amma an sauƙaƙe mata wahalar ƙera wayar. Ta tona, ta miƙa, ta saya da dala. Kada a manta wannan tsari ya samar wa matasa sana'a. Je ka rumfar mai caji a kowace kasuwar ƙauye ka ga yadda janareta ke ciyar da iyali.

In duk da haka talaka ya yi taurin kai ya hau, shugabanni na nan a farke. Chadi ta rufe kafafen sada zumunta wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, jama'a suka samu lokacin ziyarar dangi da ƙafa. Yuganda ta sa wa masu hawan kafafen harajin shilin 200 a kullum a 2018, Shugaba Museveni ya bayyana cewa maganin tsegumi yake nema. Kamaru ta ɗauke wa yankunan masu Turancin Ingilishi intanet wata uku a 2017. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data a Najeriya har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Ƙorafina ɗaya shi ne ƙarin ya yi kaɗan, domin har yanzu ina ganin ɗalibai a ƙarƙashin bishiya suna ɗaga waya sama suna neman sabis don cike takardar JAMB.