Jirgin Farko

Duk wanda zuciyarsa ta raya masa sha'awar tuƙa ɗan jirgin sama na wasa, irin wanda ake sarrafawa da na'ura daga ƙasa, da wuya idonsa ya sauka a kan wani abu sai Spitfire, jirgin yaƙin Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu, saboda kyawun surarsa; alhali kuwa malaman fannin sun yi ittifaƙi cewa almajiri ya fara da jirgin koyo, mai fukafukai a saman gangar jiki, mai tafiyar hawainiya, wanda in an saki hannu shi da kansa yake daidaita zamansa a iska.

Ni kuwa na bijire wa ijma'i. Ban san cewa idan jirgi ya juyo ya fuskanci mai shi, damar jirgin ce hagun mai shi ba, sai ranar da na karkata shi dama domin ya kauce wa wata tsamiya, shi kuma, cikin cikakkiyar ɗa'a, ya shige ta. Yaran unguwa suka karɓi ladan sauko da gawar, kowane fiffike da farashinsa.