Lada Dole

Tarihi ya ce macijin rijiyar Kusugu ba ya barin mutanen Daura su ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Bayajidda ya sare masa kai, amma da alama ya bar mana ƙa'idarsa, don har yau tausayinmu ga makaho da gurgu ran Juma'a yake leƙowa, ya sha iska tsakanin huɗuba da La'asar, ya koma ƙasa sai wani mako.

Kuma ba kowane kuɗi ne na sadaka ba. Akwai naira hamsin ɗin nan da ta koɗe, wadda mai shayi ya ƙi, mai ƙosai ta mayar, ɗan acaɓa ya ce ko kyauta ba ya so. Ita ake ajiye wa makaho, tunda ai ba gani zai yi ba. Sannan a tsaya ƙiƙam ana jiran addu'a, kuma cikakkiya ake so: buɗi, rufin asiri, kujerar Makka, har da gamawa da duniya lafiya. Ko a kasuwar Mai'adua ba a cinikin da ya kai wannan riba.

Amma gwanayen su ne 'yan tsallakarwa. Dattijo makaho yana tsaye a bakin titi, ya ci ado da babbar riga, motar Kwangwalam yake jira. Sai saurayi ya hango lada tana tsaye da sanda. Ba sallama, ya cafke kan sandar.

"Baba, taho mu je!"

"Yaro, ba tsallakawa zan yi ba."

"Haba Baba, kada ka ji nauyina, ai ɗanka ne ni."

Kafin Baba ya ƙara magana an dire shi a wancan gefen, saurayi ya wuce yana jin kansa fes. Can wani bawan Allah ya gan shi yana lalube, ya maido shi inda yake. Mutum biyu sun sami lada, Baba ya rasa mota.

Akwai kuma masu ɗaga wa makaho murya, wai don ya fi fahimta, alhali kunnensa ya fi nasu. Akwai masu tambayar ɗan jagora, "Me yake so?" ga mai son abin a zaune da bakinsa. Gurgu kuwa, ko shagon gyaran waya gare shi da yara uku a ƙarƙashinsa, in ya kuskura ya ajiye kofin shayi a gefen kekensa, kafin ya juyo wani ya jefa masa canji a ciki.

Abin dariyar, ɗan garin nan na Daura ne, marigayi Muhammadu Buhari, ya sa hannu a dokar hana wariya ga naƙasassu a Janairun 2019. Dokar ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, ta ce a ba naƙasasshe gaba a layi, ta yanke wa wanda ya nuna wariya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Wa'adin ya cika tun 2024. To, a zaga a ƙirga matakala. Inda aka yi gangaren keke ma, nan ne wurin da ya fi daɗin ajiye babur, kuma yawanci mai babur ɗin ya ba da sadakarsa da safe. In mai keke ya iso, sai majiya ƙarfi huɗu su ɗaga shi sama suna "yi hankali, yi hankali", a shiga da shi kowa na kallo. Buhu biyu na siminti da sun raba gardamar, amma siminti ba ya yi wa mutum addu'a.

Kakanninmu sun fi mu sanin ta kan abin. Da suka naɗa Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, sun yarda mutanen nan suna da bakin da za su kai kukansu fada. Mu kuwa mun yi ci gaba, mun ƙaro waya. Yanzu in an zo rabon shinkafa, ɗaya ya riƙe leda, uku su riƙe kyamara, sai ka ji ana cewa, "Baba, ɗan dawo da ita ka sake karɓa, bai ɗauka ba."