Tarwaɗa a Gidan Gilashi

Ga ta nan, ga ta nanku.

A wani gida cikin lungun Ƙofar Marusa, nan birnin Katsina, akwai wani yaro mai akwatin gilashi da bai wuce cin ruwa lita 40 ba. Ya shimfiɗa yashi a ƙasa, ya dasa ciyawar ruwa, ya bar kainuwa biyu suna yawo a sama. Mazauna ciki su ne Inna Gufi da 'ya'yanta, ƙananan kifaye masu wutsiya kamar mayafin amarya, waɗanda asalin kakanninsu Kudancin Amurka ne. Gufi ba ta saka ƙwai, haihuwa take yi, kusan kowane wata. Sai Malam Dodon-koɗi, wanda ke bin bango yana lashe gansakuka, ba ruwansa da kowa.

Ran nan kawun yaron ya dawo daga wajen masunta a madatsar Ajiwa, ya zo da ɗan Tarwaɗa a leda, bai fi ɗan yatsa ba. Aka juye shi ciki. Inna Gufi ta ce, "Maraba da baƙo, wuri ai na kowa ne." Malam Dodon-koɗi ya daɗe yana duban faɗin bakin baƙon, bai ce uffan ba.

Kwana ya yi kwana. Kafin wata uku Tarwaɗa ya kai taƙi guda. In ya juya, sai yashi ya tashi, ruwa ya gurɓace, ciyawa ta tuge ta taso da saiwarta a sama. Gashin bakinsa kullum na gogar gilashi har ya yi ja. Da rana ya laɓe a ƙarƙashin kainuwa, da dare ya fito kiwo. Kowace safiya Inna ta ƙirga 'ya'yanta, ta tarar babu biyu, babu uku.

Ta kai ƙara wajen Malam tana kuka. Aka kira Tarwaɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wallahi ba da ƙiyayya nake yi ba. Cikin duhu duk abin da ya taɓa gashin bakina, kafin in yi tunani na haɗiye. Ni ma ban san barci ba a nan, ko miƙewa ba na iya yi."

Malam ya ce, "Na ji ku duka. Ke an cuce ki, shi kuma an takure shi. Kifin da ya shiga bakin wani kifi, abincinsa ne, ko sun sha alkawari. Irinsa a kogi yakan kai mita guda. Wannan ɗaki ba nasa ba ne."

A daren nan aka ɗauke wuta, ga zafin bazara. Injin da ke hura iska cikin ruwa ya tsaya. Su Inna suka taso sama suna haki, baki buɗe. Tarwaɗa kuwa Allah ya hore masa shaƙar iska kai tsaye, in ya leƙo ya haɗiyi rabonsa ya koma. Da ya ga halin da suke ciki, sai ya dinga kaɗa saman ruwan da wutsiya, iska na shiga, har aka kira assalatu. Babu wanda ya mutu don rashin numfashi. Amma da Inna ta zo yi masa godiya, ta ƙirga, babu autanta. Su biyun suka yi shiru.

Gizo na kusurwar rufi yana kallo. Ya sauko da zarensa ya ce, "Aboki, me za ka zauna ana zarginka? Yi tsalle. Kwata na nan ƙofar gida, ta kai ka har Ajiwa." Kwatar nan fa babu inda take zuwa sai wani rami mai ruwan omo da ledoji. Tarwaɗa ya yarda, ya daka tsalle, ya faɗo tim a siminti, ya kama jan ciki, ƙura ta lulluɓe shi.

Kakar yaron ce ta gan shi za ta alwala. Ta ce, "Maigidana, taso ka ga baƙonka ya gaji da zama. Ko tukunya, ko ka nema masa gida."

Yaron ya ce, "Kaka, ba za a ci shi ba, kuma ba zan jefa shi a kwata ba."

Ya sa shi a bokiti, ya rufe da ƙyalle, ya kai shi gidan wani maƙwabcinsu mai kiwon tarwaɗa a tafkin siminti. Mutumin bai juye shi nan take ba. Ya riƙa ɗebo ruwan tafkin da kofi yana zubawa a bokitin kaɗan-kaɗan har jikin kifin ya saba, ya keɓe shi kwanaki ya ga lafiyarsa, sannan ya sa shi cikin sa'o'insa, don manyan tarwaɗa ma cinye ƙanana suke yi. A ranar Tarwaɗa ya miƙe iya tsawonsa, ya zagaya tafki sau bakwai.

Yaron ya koma gida ya sake dasa ciyawarsa, ya canza sulusin ruwan da wanda ya kwana a bokiti. Watan da ya biyo baya Inna Gufi ta haifi 'ya'ya 20, ta ƙirga su da safe, suna nan cif.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.