Bakano ya ɗauki hayar likita

Bawana Bakano, gaisuwa daga Zazzau. Labari ya iso mana wai tunda ka tare a Amurka ka daina bin layin asibiti, ka shiga tsarin nan da ake biyan likita kuɗin shekara tun ciwo bai zo ba. Sai da na ce a maimaita mini. Kai da kake taya goro ɗaya tun hantsi har la'asar, yau kai ne ka biya kuɗi ba ka ga kaya ba?

Kafin ka fara mana kuri, zauna malaminka ya biya maka. A Siyatil aka fara wannan harka a 1996, lokacin da Dakta Howard Maron, tsohon likitan ƙungiyar ƙwallon kwando ta garin, ya buɗe MD2, inda kowane likita iyali 50 kacal yake dubawa. Wancan na hamshaƙai ne, na san ko ƙofar ba ka leƙa ba. Naka irin na MDVIP ne da aka kafa a Fulorida a 2000: likita ba ya wuce mutum 600, alhali takwaransa na fama da dubu biyu ko fiye. Shi ya sa kake ganinsa ranar da ka nema ko washegari, ya saurare ka a natse, har ya ba ka lambar wayarsa.

Lambar nan ce ta ja wa bawan Allah. An ce ko atishawa ka yi sai ka kira shi, tuwo ya yi maka nauyi ka tashe shi ƙarfe biyun dare, wai sai ka fanshe kuɗinka. Mutumin da a da sai zazzaɓi ya kayar da shi kafin ya je kemis, a can ma ya ce a ɓallo masa Panadol ƙwaya biyu!

Na san inda ke maka ƙaiƙayi: ashe lokacin likita ka saya, ba magani ba. Kwanciya da tiyata suna nan, inshora ma dole ka ci gaba da biya. Waɗanda kuma likitan ya sallama don ya samu sararin jin surutunka, suna can suna neman wani layin.

Ni ma na buɗe nawa, da rangwame saboda kai bawan gida ne. Turo kuɗin shekara, duk sa'ar da ka kira zan ce maka ka rage gurasa.