Takarda zuwa ga Duniya ta Tara, daga Yelwa



Bayan gaisuwa irin ta wanda ba a taɓa gani ba, mai wannan takarda yana kawo kuka. Daren jiya an ɗauke wuta tun kafin isha'i, sauro suka yi biki, kifin da ya ajiye a firji ya kwana yana wari. Da safe a teburin mai shayi wani saurayi ya ɗaga waya ya rantse ke ce: wai kina tafe a ɓoye, janki ke rikita wuta, har damina ma.

Musu ya kaure, shi ya sa aka bi asalinki. A 2016 masana biyu na Caltech a Amurka, Konstantin Batygin da Michael Brown, suka duba yadda wasu dunƙulen ƙanƙara can bayan Naftun suka karkata gefe guda, suka ce ƙila wata duniya ce mai nauyin tamu sau biyar zuwa goma ke jansu. Har yau babu madubin hangen da ya kama ki. Brown ɗin kuwa da hannunsa a tuɓe Fuluto daga matsayin duniya ta tara a 2006, kin ga rawanin da ake tanadar miki na wani ne.

Ba a raina lissafi, da shi aka gano Naftun a 1846. To lissafin ne ya wanke ki. In ma kina nan, nisanki da rana ya ninka namu sau ɗaruruwa, zagaye ɗaya sai ya ci miki dubban shekaru. Tirelar albasa mai wucewa Kontagora ta fi ki jan jikin mutum. A 2012 ma an ce wata duniya wai ita Nibiru za ta rushe mu a Disamba, washegari kowa ya tafi kasuwa.

To uban wa ya ɗauke wutar? Hasken rana, duk nisan nan, kwana uku ko huɗu ya iso gare ki. Unguwar mai takarda tana yin mako babu ko ƙyas! A bakin tafkin Kainji fa, inda ruwa ya ci garuruwa a 1968, aka tayar da mutum sama da dubu 40 don ƙasa ta haskaka. Yanzu masu wuta sun samu wanda zai ɗaukar musu laifi, kyauta, a bayan Naftun.

Takardar kuɗin wuta dai ta iso da sanyin safiya, ita ba ta makara. An ajiye miki wurin mai shayi, haɗe da kifin.