Tampol ɗin Badamagare a Hannun Tela Bakano

Sabo tela yana kan kekensa a unguwar Gurda ta birnin Sabha, Mamman Badamagare ya shigo ya yar masa da falle biyu na tampol a kan ƙafa.

"Bawana, ajiye wandon Balaraben nan, aikin ubangidanka ya zo."

"Ubangida mai kwana a ƙarƙashin leda? Me kuma ya koro ka?"

"Dabino ya nuna, gona zan tare sai an gama yanka. Haɗe mini su a tsakiya, wurin da zai hau igiya. Na fara da basilla, sai na tuna ina da bawa a gari."

Sabo ya ware tampol ɗin, ya bi ɗinkin da yatsa, ya kira yaron shago. "Zo ka gani. Wannan ɗinki ne ko sawun kaza a kan yashi? Ka kara baki da baki kawai ka soke da zaren auduga. Nan ne gadon bayan rumfar, duk jan igiya a kansa yake ƙarewa. Ranar da iskar gibli ta taso daga kudu, falle ɗaya zai riga ka isa Tarabulus."

"To koya mini, jikan masu auna gyaɗa."

"Jikan masu tufatar da ku dai. A 1851 Bature Barth ya tarar ana kai baƙin yadin Kano har Murzuk da Ghat. Ƙasar nan da kake dako a cikinta, da rininmu kakanninsu suka yi ado."

"Mu kuma a 1898 Sarki Amadu Kuran Daga ya kawo muku ziyara har Gezawa. An ce ranar ba wanda ya tsaya naɗa rawani."

"Ya shiga birni?"

"Ya ji warin karofi ya juya."

Sabo ya warware aikin basillar. Ya ɗora falle kan falle, ya bar bakin na ƙasa ya zarce da faɗin yatsa biyu, ya bi da layi ɗaya. Sannan ya naɗo dogon bakin ya lulluɓe gajeren, ya kwantar da shi, ya sake bi da layi na biyu. Ɗinkin ya fito shafal, babu bakin yadi a waje da iska za ta kama.

"Me ya sa ka buɗe takun allurar haka? Rowar zare ce ta Kanawa?"

"Jahilci dai ba ya tsufa. In huda ta yi kusa da huda, tampol ta nan zai tsage. Zaren kuma na roba ne mai kauri, naka na auduga ba zai kai ƙarshen kaka ba. Miƙo tsohuwar jakar can."

Ya yanke maratayin jakar gida biyu, ya yi faci mai kusurwa uku a kowane ƙarshen ɗinkin, ya dasa maɗaurin igiya a kai, ya maimaita ɗinki har keken ya fara kuka. Daga nan ya ɗauko kakin zuma zai goga a kan hudojin allura.

"Wannan fa?"

"Don kada ruwa ya ɗiga."

Mamman ya riƙe ciki. "Ruwa a Sabha! Garin da shekara kan wuce ba a ga kwata ta gudana ba? Kai dai kana neman abin da za ka ƙara a lissafi."

"Na manta da wa nake magana. Ku da ƙishirwa ta sa Faransawa suka kwashe babban birni daga Damagaram suka kai Yamai a 1926, ina za ka san ɗigar ruwa? Bar shi, zai hana ƙura shiga miyarka, in kana da miya."

Mamman ya naɗe tampol ya saɓa a kafaɗa.

"Kuɗin aiki fa?"

"Yaushe aka fara biyan bawa? Zan aiko maka da dabinon da ya faɗo ƙasa."

"Aiko da buhu guda, ka wanke shi tukuna. In ka sami ruwan."